Mannir Ƙarfi, Mai Tace Mana Dariya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, ana tsaka da cirar masara, Allah ya karɓi ran Malam Mannir Ƙarfi a Funtua, bayan doguwar jinyar ƙoda. Shi ne mai tace finafinan barkwancin da ƙungiyarmu ke yi wa talabijin. Ni Maiwada, da nake fitowa a cikinsu, fuskata jama'a suka sani, amma dariyar da suke yi daga hannunsa take fitowa.

Mannir, kai ka koya mini cewa abin dariya lokaci gare shi. Na tuna wata fitowa da na zuba dogon surutu a matsayin dillalin taki, ka datse rabinsa, ka bar hoton a kan fuskar Mero, wadda ta fito a matata, tana kallona shiru. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Malam Maiwada, maganarka ta gama aikinta. Bari mu ga wadda aka yi wa ƙaryar." Da aka nuna shirin a Malumfashi, wannan shirun ne ya kwantar da mutane da dariya.

Ba kowace dariya kake karɓa ba. Muna ɗaukar wani shiri a kasuwar Bakori, wani dattijo mai sayar da dawa, wanda ba ya cikin wasan, ya zame ya faɗi, hularsa ta gangara cikin kwata. Kowa ya ce a sa, shirin zai yi farin jini. Ka kalla sau ɗaya ka goge shi ƙurmus. "Tsohon nan yana da surukai a garin nan," ka ce, ka ci gaba da aikinka.

Ko da ciwo ya kumbura maka ƙafafu, kana zuwa ɗakin tacewa a Keke Napep, ka ɗora su a kan buhu, ka zauna.

Ka bar mana shiri rabi a tace. Gidan talabijin ya ce mu miƙa wa wani a Kano ya ƙarasa da sauri, ko a ba wasu filinmu. Mun zauna, mun ce a'a. Bridget, abokiyar aikinka mai haɗa sauti, wadda ta yi shekara da shekaru a kujerar gefenka, ta hau kujerarka. A nan Funtua za mu gama shi, kafin ranar da suka yanke mana, kuma ba za mu sa abin da za ka goge ba.

Allah ya jiƙan ka, Mannir, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka makwancinka. Ga mahaifiyarka Hajiya Nana Khadija, da maiɗakinka Najiba, da 'ya'yanka, da mutanen garin Ƙarfi baki ɗaya, muna miƙa ta'aziyya. Allah ya ba ku dangana, ya tsaya wa marayun da ka bari. Amin.