Inda Aka Binne Cibiyata

Ana sallame sallar asuba muka bar Bagudo, ni da kawuna, ƙanen mahaifiyata, a wata mota da aka cusa mu huɗu a baya kamar buhunan albasa.

Ga abin da ya fitar da ni. Wata jami'a a Turai ta ba ni gurbin digiri na biyu a fiziks, ɓangaren da allo da lissafi ne kawai kayan aikinsa. Gurbi babu kuɗi kuwa ado ne. Shekara biyu ina neman tallafi, sai bana wata gidauniya ta kai ni zagayen ƙarshe. A fom ɗinsu, wurin garin haihuwa, na rubuta gaskiya: wani ƙauye ne a Jamhuriyar Benin, gaba da garin Lolo. Ni ɗan fari ne, kuma kun san mace gidan iyayenta take komawa haihuwar fari. Gidan kakannina a tsallaken iyaka yake, bayan arba'in aka dawo da ni. Fasfona kuwa Bagudo ya ce, don malamin da ya cika takardata ta firamare bai tambayi kowa ba. Gidauniyar ta ga saɓani, ta ba ni kwana goma in kawo takardar haihuwa, ko a ba na bayana tallafin.

Mun haye gadar kogin Kwara gari na wayewa, fadamun shinkafa kore shar hagu da dama. Daga nan sai ramuka da shingayen jami'an tsaro. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, direba ya ce in tambayi fetur. A Lolo muka tarar da kasuwa ta cika, naira da sefa suna yawo a faranti ɗaya. Muka karya da soyayyen kifi da dogon burodin nan na Benin mai ƙarfin sanda, sannan muka hau baburan kabu-kabu. Iyakar da ke neman cinye mini karatu, wallahi ban san lokacin da muka tsallake ta ba. Sai da waya ta turo mini saƙo da Faransanci.

Kakannina sun rasu, amma ɗakin da aka haife ni yana nan, an mai da shi wurin ajiye albasa. Ungozomar da ta karɓe ni ma tana raye, ta ranƙwafa, idonta ɗaya ya tafi. Kawu bai gama bayani ba ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗaki, ta buga sandarta a ƙasa.

"Nan nib bizne cibiyarka, ɗan nan. Ran Talata, ana ruwa. Wa ac ce ba nan aka haihe ka ba?"

Hawaye suka cika mini ido. Na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari muka je ofishin rajistar haihuwa a garin da ke gaba. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya juya harshe zuwa Dandanci, yaren yankin, shi da kawu suka gaisa har suka gano surukuta. Ya buɗe littafin shekarar, babu ni. Ya ce sai kotu, da shaidu biyu masu katin shaida, kuma a yi wata uku ana jira. Tsohuwar da ta yanke cibiyata ba ta da kati. Wato hannun da ya fara taɓa ni a duniya bai isa shaida ba, sai roba mai hoto! Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Kawu ya taka mini ƙafa, na haɗiye.

A hanyar dawowa ko kifin ban kalla ba. Wani ɗan kasuwa a motar ya ji labarin ya yi dariya ya ce, "Kai da karatunka, mi yak kai ka hwaɗin gaskiya ga takarda?" 

Mun iso Bagudo bayan la'asar, saura kwana bakwai. Na zauna na rubuta wa gidauniyar cewa kuskure na yi, a Bagudo aka haife ni, a gafarce ni. Na haɗa da takardun makaranta, dukansu bakinsu ɗaya. Kwana biyu suka amsa da godiya, sun ce komai ya daidaita, sunana na nan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma ba na alfahari da shi: mu mutanen bakin iyaka, ƙaryar da ke da hatimi ta fi gaskiyarmu daraja. Abokai suna ta yi mini murna. Na je na faɗa wa inna yadda aka ƙare, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Ashe ni ko ban san inda nih haihe ka ba," ta ce. "Allah shi ba da sa'a."