Faifan Garayar Kakana

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin kakata a garin Babban Mutum shi ne bakin na'urar faifai a buɗe, babu komai a ciki. An yaye ɗankwalin da ake rufe ta da shi. Hutun makaranta ne, daga Daura na zo. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba.

Ka san kakana makaɗin garaya ne. Da Shari'a ta zo ya rataye garayar, bai sake taɓa ta ba har ya rasu. Faifai ɗaya tak ya bari, waƙa huɗu. Kakata kan saurare shi bayan la'asar, da batirin mota, murya ƙasa ƙasa saboda maƙwabta. To ran nan kawuna ya ɗauki faifan bai faɗa mata ba, ya tafi Kongolam wajen masu turin waƙoƙi a waya, a juye masa a memori.

Muna zaune, duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai.

Da kawu ya dawo ya kunna wayarsa yana murmushi. "Inna, ga Baba nan, ya shiga aljihu. Faifai ai tsufa yake."

Ta saurara kaɗan. "Wannan ɗan tsakon ne ubanka? Kamar an cusa shi a gwangwani. Ba ni kayana."

Gaskiyarta. A na'ura ana jin numfashin da kakana yake ja kafin ya ɗauki waƙa, ana jin nauyin tsarkiya har a ƙirji. A waya duk babu. Amma ni idona na kan aljihun rigarsa. Faifan ya fito tsirara, tare da makullin babur. Na ga wani zane fari ya ratsa shi. Ni kuwa ko ruwa ba na iya roƙa a gaban manya, balle in tona.

Ta sa shi. Waƙa ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma. A tsakiyar ta uku muryar ta sarƙe, tana maimaita gaɓa ɗaya, sannan shiru. Ta goge shi da bakin zane, ta mayar. A nan ya sake tsayawa. Ta huɗun ma ta ƙi fitowa.

"Goge abin nan na wayarka," ta ce. "Ba za a riƙa yawo da shi tasha tasha ba."

Yau waƙa ba ta ɓata, kowa na da ita a hannu, kuma ba wanda ke zama ya saurara kamar yadda kakata take yi. Amma ran nan waƙa biyu ba su da sauran wurin zama sai cikin gwangwanin da ta raina. Kawu ya sunkuyar da kai, yana neman wajen gogewa. Na bi shi zaure, na kama hannun rigarsa.

"Kawu, don Allah kada ka goge. Cire memorin ka ba ni in ajiye mata."