Bencin Baba Maigadi

Baba Maigadi bai iya waya ba. Tasa ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure ta da roba, in ta yi ƙara sai ya miƙa wa na kusa ya duba masa wa ke kira. Mu 'yan mata mun raina shi a kan haka, har kwaikwayonsa muke yi. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi a ƙofar makarantarmu, da butarsa da rediyonsa da wani dogon benci a gindin katanga.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Duk wanda ya zo ɗaukar yarinya, sai ya zaunar da shi a bencin nan cikin sauran masu jira. In yarinyar ta fito, ba ya nuna mata kowa. Kunnensa kawai yake sosawa, yana kallo.

Ina shekara sha biyar na haɗu da wani a intanet. Wata uku muna hira. Ya san sunan mamata, ya san ranar da na faɗi jarabawar lissafi, ya lallashe ni fiye da kowa a gida. Hotonsa na saurayi ne mai fara'a. Ya ce zai zo ranar Laraba kafin a tashi, zai ce shi kawuna ne, mu ɗan zaga gari. Na yarda, kuma da murnata na yarda.

Ranar Laraba aka kira ni daga aji. Na tarar da maza uku a benci, duk manya. Na dubi wannan, na dubi wancan. Babu mai fuskar hoton.

"'Yata, kawunki ya zo," in ji Baba. "Je ki gaishe shi mana."

Ban san wanda zan gaisar ba. Sai na tsakiyar, mai furfura a gemu, ya kira ni da sunan da nake amfani da shi a intanet.

Baba ya tashi a hankali, ya tsaya tsakanina da bencin. "Koma aji, 'yata. Malam, ɗan jira in kira babanta ku gaisa, tunda duk gida ɗaya ne."

Mutumin bai jira ba. Ni ma ban koma aji ba, na laɓe a bayan ƙofa ina leƙe, har da ɗan takaicin an ɓata min shiri. Tsoro bai kama ni ba sai da na hango motar da ya nufa. Akwai wani mutum a kujerar baya, ya riƙe ƙofar a buɗe.