Daminar da Kurkunu Ya Kwantar da Baba

Ranar wata Laraba ce, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu. An kwana ana ruwa, gari ya waye ƙasa ta jiƙe sharkaf, duk magidantan ƙauyenmu da ke kusa da Gwiwa sun saɓa sungumi sun nufi gona. Ina tsaye a bakin zaure da ƙoƙon iri, ina jiran Baba ya wuce gaba yana sara, ni da yayana Sale mu bi shi muna zuba gero muna rufewa da ƙafa. Shiru bai fito ba. Da na koma ciki sai na tarar da shi zaune a kan turmi, ya tsoma ƙafarsa a kwanon ruwa, gumi na tsatstsafo masa. Bororon da ya kwana biyu yana damunsa a idon sawu ne ya fashe, ga wani farin abu kamar zare yana leƙowa. Inna ta duba ta ce a hankali, "Malam, kurkunu ne." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Uwata, ajiye irin nan tukuna." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

A tafki muke ɗebo ruwan sha, domin rijiyarmu ɗaya ce, kuma tun kafin bazara take ƙafewa. Mu 'yan mata ba mu da wurin da muke so kamar bakin tafkin nan. Mu jera tuluna a gindin marke, mu yi gaɗa, mu yi carafke, sai mun ji kiran iyayenmu sannan mu naɗa gammo mu ɗauko ruwa a gurguje. Shanu na sha ta can gefe, mu muna ɗiba ta nan. Wanda kurkunu ya hana sakat kuwa, nan yake lallaɓowa ya tsoma ƙafa don ya ji sanyi. Ba wanda ya san a nan tsutsar take zuba ƙwayayenta, mu kwasa mu kai randa, ta sake fitowa a jikin wani baɗi war haka. Tsofaffi cewa suke, "Jijiya ce ta mutu take neman hanyar fita."

Kowace safiya Inna takan shafa wa wurin man shanu, ta ɗan jawo tsutsar ta naɗe a jikin tsinke, ta ɗaure da tsumma. "Kurkunu ba ya son gaggawa," in ji ta. Damina kuma ba ta jiran kowa. Ni da Sale muka yi shukar, layin duk a karkace. Da lokacin noma ya yi aka so kiran gayya, amma a shekarar nan na kwance sun kusa fin na tsaye yawa, kowa ta kansa yake yi. Sale, wanda duk ajinsu ba mai kamo shi a lissafi, ya daina zuwa makaranta ya rungumi fartanya. Ƙarfin yaro bai taka kara ya karya ba, ciyawa ta shanye kan geron.

Baba ya kasa jurewa. Wata safiya ya sa aka ɗora shi a jaki. Inna ta tsaya a gabansa tana roƙo, ya ce, "In na kwanta har kaka, me za ki zuba a tukunya?" A zaune ya yi ta noma, yana jan jiki daga kunya zuwa kunya, har tsinken ya harɗe da ciyawa, tsutsar ta tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi, sai a amalanke aka fitar da shi bakin titi, daga nan mota ta kai shi asibiti a Kazaure. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma idon sawun ya sandare. Da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa.

Abin da muka girba bai kai rabin rumbu ba. Bayan kaka Sale ya ƙulle kayansa zai tafi Kano ci-rani. Na bi shi har bayan gari ina tambayarsa yaushe zai koma aji. Ya ce, "Ke dai ki riƙe naki karatun, ya ishe mu mu biyu." Bai sake zama a aji ba.

Sai daga baya ma'aikatan lafiya suka zo da wani ƙyalle mai ƙananan idanu, suka koya wa mata ɗaura shi a bakin randa su tace ruwa. Can kuma aka haƙa mana rijiyar burtsatse. Abin da ya karya gidanmu ke nan, ashe ƙyalle ma na iya tare shi.

Yau ina koyar da ilimin tattalin arziki a jami'a, bincikena kuma a kan ruwan sha ne da lafiyar mutanen karkara. A zaman da ake yi da masu tsara kasafi, kowa ya iya tambayar abin da rijiya za ta ci. Da wuya ka ji mai tambayar abin da rashinta ke ci, domin gonar da ba a nome ba da yaron da ya bar aji ba sa shiga lissafi. Tafkinmu yana nan, ya cika da leda, masu feshin magani a gona a nan suke wanke kayan aikinsu, burtsatsen kuwa in ya lalace can mata suke komawa.

Da sallar bana muna zaune a zaure da Sale muna tuna Baba, sai ƙaramin ɗansa ya ce, "Gwaggo, mene ne kurkunu?" Na buɗe baki zan yi masa bayani, Sale ya girgiza kai ya ce, "Bar shi. Allah ya sa ya tsufa bai sani ba." Na ce amin. Da ma a ce mu ma haka muka tashi.