Turmin da Aka Wanke Sau Bakwai

Shekarar da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata cikin garin Anka, aji biyu. Manhajar zangon ta ce in koya musu duniyoyin da ke kewaya rana. Na fara kuwa, har na zana Zuhal da zobenta a allo. Amma kullum da safe rediyo magana ɗaya yake yi, gubar dalma, kuma rabin ajina daga waɗannan ƙauyuka suka fito. Yarinya ta dawo daga zaman makokin ƙanenta, ni kuma in tsaya ina yi mata bayanin zoben Zuhal? Na sa tsumma na goge allon.

Shugaban makaranta bai so ba. Ya ce abin da babu a manhaja ba ya fitowa a jarrabawa. Na ce masa wannan da muke takawa ita ma tana cikin duniyoyin, ita ce ta uku daga rana, ya duba littafinsa. Ya ce bakina zai ja mini wata rana, na ce ya daɗe yana ja.

Na bayyana wa yaran cewa dalma da zinari a dutse ɗaya suke kwana. Muddin dutsen yana ƙarƙashin ƙasa, babu ruwansa da kowa. Sai an haƙo shi an kawo gida an daka, sannan dalmar ta zama gari mai laushi da ke shiga ko'ina, ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa. Babba ya shaƙa ya miƙe ya tafi gona, ƙaramin yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa take ci. Don su gani da idonsu, na zo da tsohon akushi, na goga masa shuni, na sa suka wanke shi tas. Da muka murza ƙullun gero a ciki, sai ga shi ya fito da shuɗi-shuɗi, domin tsagun itacen sun riƙe shunin.

Ajin ya yi ta dariya, ban da wata doguwar yarinya a layin baya, 'yar wani ƙauye kusa da Dareta, wadda ke zaune wurin gwaggonta a gari saboda karatu. Ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, turmin Innarmu hwa? Cikinai anka riƙa dakan dutsin. Amma ta wanke shi."

Bayan an tashi na zaunar da ita. Mahaifinta ne ke kawo dutsen a buhu, matan gida su daka a tsakar gida tunda ba sa fita. Da ma'aikata suka zo kankare ƙasar gidaje, aka ce a fito da duk abin da ya taɓa dutsen, sai uwar ta cusa turminta cikin rumbu ta rufe da zangarniyar dawa. Da suka tafi ta fito da shi, ta dirje da toka, ta wanke sau bakwai kamar yadda ake yi wa ƙwaryar da kare ya lasa. A cikinsa take dakan furar ƙanwar yarinyar, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Ranar Asabar na ɗaura turmina na biyu, sabo fil, a bayan kabu-kabu, muka bi taɓon damina zuwa ƙauyen yarinyar, mutanen hanya suna tambaya ko amarya ce ta yi mantuwa. Uwar ta tarbe ni da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura. A rayuwata ban taɓa mayar da ƙwaryar baƙunta ba sai ranar. Jaririyar tana zaune a gindin turmin, 'yar kumatu da ita, tana lasar yatsu.

Na yi bayani da duk taushin da Allah ya ba ni, wanda ba shi da yawa. Ta saurare ni har na gama.

"Malama, abin da ruwa bai tsarkake ba, mi ka tsarkake shi? Ko gawa da ruwa aka gyara ta."

"Yaya, ba najasa ba ce, guba ce. Tana cikin tsagun itacen. Ko Gulbin Zamfara kika juye masa ba za ta fita ba."

Ta karɓi sabon turmin, ta yi godiya, ta sa albarka. Da na ce to a ɗora mini tsohon in tafi da shi, sai fuskarta ta sauya.

"Da shi anka kawo ni gidan ga, na Innata ne. In anka ga turmina bisa babur ya hita gari, kahin la'asar an ce aurena ya mutu."

Na ce to a fasa shi a binne. Sai muryar maigidan ta fito daga zaure, ashe yana jin mu: "Malama, ki koya ma ɗiya karatu, ki bar muna gidanmu."

Nan na manta cewa ni baƙuwa ce. Na ce masa kai ka kawo dutsen nan har gaban murhu. Ka sayar da zinarin ga masu zuwa da mota, waɗanda 'ya'yansu ke birni ko ƙurar ba su taɓa shaƙa ba. Yanzu an ce ga abin da zai kashe maka ɗiya, kai kuma bakin mutane kake gadi! Ya ce mace mai baki irin nawa ba mamaki ta yi yawo da turmi a babur. Ɗan kabu-kabun ne ya yi ta ba ni haƙuri har na hau. Abin da na samu kawai alkawari ne, uwar ta ce za ta kife tsohon a bayan ɗaki, ba za ta sake taɓa shi ba.

Na yarda ta yi niyyar cikawa. Amma mai turmi biyu ba ta hana aro, wannan kowace mace ta sani. Sabon turmi ya shiga unguwa, yau gidan suna, gobe gidan biki, wani lokaci ya kwana biyu bai dawo ba. Yarinya kuma ba ta san an ari turmi ba, kuka take tana son fura. Sai a tayar da tsohon, na yau kaɗai. Ɗalibata ce ke kawo mini labarin duk lokacin da ta je gida, tana faɗa tana kallon ƙasa kamar ita ta yi laifin.

Na aika a kawo jaririyar Anka a auna jininta, tunda masu aunawar suna nan. Uban ya ce sai an gama maimai, wato noman gona na biyu. Na sake aikawa, ya ce ai lafiyarta lau, har ƙiba take.

Ba a gama maimai ba jijjiga ta kama ta. A babur aka kawo ta asibitin Anka, a sanƙare a hannun uwar. Aka yi ta magani, ta rayu. A ranar da aka fita da ita zuwa asibiti, yayar, wato ɗalibata, ta ɗauki gatari ta raba turmin biyu a tsakar gida, kuma babu wanda ya ce aure ya mutu. Ko mutum ɗaya bai ce ba.

Shekaru suka tafi. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, sai iyalin suka dawo cikin Anka da zama. Wata safiya ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Uwar ce, ta tsufa fiye da shekarunta, tana riƙe da hannun wata yarinya mai tsawo irin na yayarta. An yi mata kitso, an sa mata hijabi wankakke. Na gai da yarinyar, ba ta amsa ba. Kanta a karkace, miyau yana zuba, uwar tana sharewa da bakin mayafi.

Na daɗe ina tanadin maganar da zan faɗa wa matar nan duk ranar da muka haɗu. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Malama, tsaranta dut suna ajinki. Yayarta ta ce babu abin da ba ki iya koya ma mutum ba. Ko sunanta ne, ki koya mata ta riƙa amsawa."

Na leƙa aji na ce 'yan layin gaba su matsa.