Hoton Gonar Kawu

Akwatin hoton da na gada wurin maigidana, wani ɗan Dahome da ya koma ƙasarsu, na katako ne, mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle na lulluɓa. Fim ɗinsa falle-falle ne, kowanne ya fi tafin hannuna faɗi, kuma sai na bi fataken Kano da roƙo suke sayo mini. Da shi nake ciyar da gida a unguwar Zango. Tsofaffin sojoji su zo hoton takarda, 'yan kasuwa su zo da sabuwar riga suna ƙame wuya. Amma abin da raina yake so daban ne. In falle ɗaya ya rage mini, sai in ɗaure akwatin a keke in fita bayan gari, in ɗauki duwatsun Damagaram, ko tapki bayan ruwa, ko gawo shi kaɗai a fili.

Dariya na sha a kan wannan. Innata ta taɓa karɓar ɗaya, ta juya shi sama da ƙasa, ta tambaye ni ina mutumin ya shiga. Maƙwabta kuwa mai hoton aljanu suke ce mini.

Mutum ɗaya ne bai taɓa dariya ba, shi ne aminina. Tare muka shiga lakwal, makarantar Faransawa, ni na gudu saboda bulala, shi ya daure har ya zama komi, wato magatakarda, a biron kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankinmu. Bayan la'asar yakan biyo shagona ya zauna, ya ɗauki hoton dutse ya yi ta kallo kamar mai duba tsohon zani a kasuwa. Ni na koya masa sa kai cikin ƙyallen, inda komai yake bayyana a kife a jikin gilashi. Yana da ido, ba zan hana shi wannan ba. In ya ce bishiyar nan ta matse a gefe, to ta matse.

A shekarun da ake ta maganar Faransawa za su tafi, ya zo mini da kwalin fim cike, abin da ban taɓa riƙewa ba. Ya ce ana son hotunan ƙasarmu a rataye a biro saboda baƙi daga Yamai, kuma ya faɗa musu ba mai iyawa sai ni. Kaina ya yi girma. Shi ya zaɓi wurin farawa, gonar kawuna, yayan innata, a hanyar Gaffati. Ya san ta sarai, don tun muna yara yake bina can muna cin gyaɗar kawu. Tana gindin duwatsu, kuma gefenta na ƙasa yana riƙe ruwa har tsakiyar rani. Shekarar nan kawu ya bar ta ta huta, yana noma wata ƙarama can gaba. Na ce mu jira damina ta yi kore. Ya ce baƙi ba za su jira ba, kuma dutse ya fi nuna kansa in ƙasa tana tsirara. Wannan ma gaskiya ce.

Mun isa da hantsi. Kawu ya taro mu da ƙwaryar fura, yana ce wa aminina ɗana kamar yadda yake ce mini. Na kafa akwatin. A gilashi ga duwatsu, ga gawo, ga rumbun kawu da bukkarsa a gefe, ga layin gamba da ya yi wa gonar iyaka. Aminina ya shiga ƙyallen ya daɗe. Da ya fito ya ce rumbun yana janye ido daga dutsen, in karkata gabas kaɗan. Na karkata. Ya ce in ɗaga hancin akwatin, gambar nan kamar ƙazanta take a ƙasa. Na ɗaga, na duba, na ga lallai hoton ya fi tsabta, har na yaba masa.

A irin wannan aiki, in kana son na kusa da na nesa su fito tsaf, sai ka tsuke idon akwatin ka bar shi a buɗe ya ɗan jima, kuma duk abin da ya motsa zai zama hayaƙi-hayaƙi. Kawu kuwa ya koma tsakiyar fili yana saran kututture, awakinsa suna zagaye shi. Na ɗaga murya na roƙe shi ya ɗan kauce. Ya yi dariya, ya koro awakin bayanmu, ya tsaya ya riƙe numfashi, wai kada ya ɓata mini aiki.

Ban taɓa yin hoto kamarsa ba, kafin nan da bayan nan. Kowace tsaga a jikin dutsen ta fito, inuwar gawon ta kwanta a kan yashi, sama ta yi wasai. Na wanke shi babba na kai wa aminina da hannuna, ina jin daɗi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Gab da faɗuwar damina aka aiko kiran kawu biro, aka haɗa da ni. A can muka ji zancen. Aminina ya nemi a ba shi filin nan ya yi garkar mangwaro, ya ce daji ne, ba mai shi, ba mai noma shi. Kawu ya miƙe, ya ce kakansa ne ya sare wurin, rumbunsa ma yana nan tsaye. Kumandan, wanda hankalinsa ya riga ya koma kan kayansa da jirginsa, bai da niyyar zuwa Gaffati. Ya jawo wani abu daga kan tebur ya ɗaga. Hotona ne.

Tafinta ya juyo gare ni. Ni na ɗauka? Na ce ni ne. Wurin da ake magana ne? Na ce shi ne. Na goge wani abu ko na ƙara? Na ce ban taɓa ba. Na soma bayanin rumbu da gamba da yadda na karkata akwatin, tafinta ya ce an ji, abin da aka tambaye ni na riga na amsa. Kumandan ya sa hannu, filin ya zama na aminina. Duk wannan lokaci aminina yana zaune a gefe yana gyara alƙalaminsa, bai ɗago kai ba. Da ɗan gari akan ci gari, ranar nan na san ma'anarta, kuma ni ne ɗan garin.

A waje na sha gabansa na riƙe wuyan rigarsa. Bai yi kokawa ba. Ya cire hannuna a hankali ya ce, "Ban sa ka yi ƙarya ba, abokina. Abin da yake wurin ka ɗauka. Kuma wallahi hoton ya yi kyau."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ci amanata, ya ci amanar dattijon da ya sha furarsa, kuma da abin da na fi so a duniya ya yi. Har yau ban san ranar da kallon hotunana ya tashi daga sha'awa ya koma neman fili ba. Na sha zama ina bin la'asar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda take ta gaskiya, in na kama wata sai ta suɓuce. Tsufa ya rage mini zafin abubuwa da yawa, bai rage wannan ba.

Ranar nan da kawu muka taho daga biro. Duk shigowarsa gari a gidanmu yake sauka, ya ci ya huta wurin ƙanwarsa kafin ya kama hanya. Muka ratsa Birni muka nufi Zango. Sai da muka kai bakin lungunmu ya tsaya, ya dogara sandarsa.

"Ka kyauta da ba ka yi ƙarya gaban hukuma ba, ɗana," in ji shi. "Ka gaida innarka. Rana tana tafiya."

Ya miƙi hanyar Gaffati. Bai sake taka gidanmu ba har ya koma ga Allah.

Inna ta yanka zabuwa tun da safe saboda yayanta, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Na shiga ni kaɗai. Ta dubi bayana, ta dube ni, sannan ta tashi ta naɗe tabarmar.