Haruna, Faisal da Gadojin Dutse

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Haruna makwancinsa, kuma har yau idan aka ambaci gada a gabana sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Rashinsa na ciki, amma akwai kishi ma, kuma a shekaruna ba na ganin amfanin ɓoye shi.

Tare muka tashi a unguwar Tandabawi a Makka, ƙofa na kallon ƙofa. Kakansa ya zo aikin hajji daga Kano tun zamanin tafiyar ƙasa, ya zauna, don haka Haruna ɗan ƙasa ne. Ni mahaifina ya zo a makare, na girma da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, a aljihu. Muna yara ba mu san wannan bambanci ba. Da muka zama samari muna aikin ɗaukar kayan alhazai a Mina, wata rana muka bi gindin duwatsu ta wajen Arfa, muka ci karo da tsohuwar magudanar ruwan nan ta dutse da aka gina tun zamanin halifofin Bagadaza. Ni inuwa nake nema. Shi kuwa ya tsaya yana shafa ginin, yana tambayar yadda aka yi dutse ya hau dutse ya daɗe haka ba ƙarfe ba siminti. Daga ranar ya kamu.

Makka ba ta da kogi, sai ya koma neman gadojin wasu ƙasashe a littattafai. Ni ne mai sauraronsa na farko. A bakinsa na ji cewa maginan da sukan kafa katako su lanƙwasa shi kamar bakan gizon soro, su jera duwatsu a kai daga dama da hagu, sai a ƙarshe su cusa dutsen tsakiya. Ranar da za a zare katakon, gari kan taru, domin a ranar ake sanin ko magini ya iya. Ya ce nauyin da mutum zai zaci zai rusa ginin, shi ne ke ƙara matse shi. Ban gane duka ba, amma ina son yadda idonsa ke haske idan yana faɗa.

Sai ya samu aiki a wani otal kusa da Harami, a nan ya haɗu da Faisal. Shi ma jikan Hausawa ne, mutumin unguwar Zahir, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Yana da fasfo kamar Haruna, yana da hutun shekara kamar Haruna. Ni kuwa ina shagon kayan gini, kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takarda, ba ya son jin maganar tafiya, ga tsoron kada in fita a samu tangarɗa wajen dawowa. Da Haruna ya zo ya ce za su Turkiyya ganin gada, na ce Allah ya kiyaye hanya. Na yi murmushi har ya fita.

Sun je, sun sake zuwa. Sun taka baƙar gadar nan mai idanu goma, wato ƙofofin ruwa goma, da ke kan kogin Dijla a Diyar Bakar, wadda ta kusa shekara dubu a tsaye. Sun ga wata a can kusa da aka gina wa ɗakuna a cikin jikinta don matafiya su kwana idan sanyi ya kama su a hanya. Sun kai har Kurɗuba, inda Musulmin Andalus suka tayar da gada a kan harsashin Rumawa. Duk dawowa sai an taru a zauren Haruna, a zuba shayi. Haruna ya fara labari, Faisal ya ƙarasa masa. Su tuna wani abu su fashe da dariya tare, ni ina riƙe da kofi ina jiran a fassara mini abin dariyar. Ni da na ji sunayen gadojin nan tun Faisal bai san akwai su ba, na koma baƙon da ake nuna wa hotuna.

Haruna bai taɓa wulaƙanta ni ba, kuma wannan ya fi ciwo. Kullum da tsarabata. Kullum sai ya ce, “Ilyasu, saura kai.” Da ciwon hanta ya kwantar da shi, ni nake zuwa asibiti bayan la'asar in shafa masa man zafi a ƙafa. Amma da ƙarfinsa ya ɗan dawo wata rana, abin da ya fara tambaya shi ne ko Faisal ya zo, yana son su tuna sunan wani ƙauye.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Makka ta yau. Lungunan da muka yi wasa da yawa an share su. Gadojin sama na kankare sun ratsa ko'ina, ana gama su kafin mutum ya saba da ƙurar aikin. Ina jin zai yaba da yadda suka rage wa alhazai wahala, domin shi ya ɗauki kaya a cunkoson Mina ya san abin da ake ciki. Amma na san zai buga ginshiƙi da tafin hannu ya tambaya shekara nawa aka yi masa alkawari. Jikokina sukan nuna mini gadar Kurɗuba a waya, har da ƙarar ruwa. Nakan ce su kashe. Yanzu tafiya ta yi sauƙi, ɗana ma ya yi mini tayi. Gwiwoyi sun ƙi, kuma wanda zan so in tsaya kusa da shi ba ya nan.

Abin mamaki, Faisal ne kaɗai ya rage da ke ambaton Haruna ba sai an tuna masa ba. Don haka duk Juma'a nakan je Zahir in zauna a ƙofar gidansa. Ya tsufa, yana maimaita labari, ni kuma ina ji ina ƙuna, mako ya zagayo in koma.

A makon jiya ya ce da ni, da Larabcinsa mai gauraye, “Ya akhi, ka san Haruna bai taɓa leƙa ruwa ba? Kullum tsakiyar gada yake bi, kansa a ƙasa. Duwatsun daɓen kawai yake so, wallahi.”

Na dube shi. Muna ƙanana an yi wani ruwan sama da ya sauko daga duwatsu ya cika lungunmu, ya kwashe Haruna har sai da ya maƙale a ƙofar wani mai burodi, ni na kama rigarsa ina ihu har manya suka zo. Tun daga ranar ko bakin teku a Jidda ba ya matsawa. Ashe duk shekarun nan da tsoro yake haye kogunan duniya, yana danne shi saboda son ginin, kuma abokin tafiyarsa bai taɓa sani ba.

Abin da ya rage na Haruna a rabe yake tsakaninmu, mu tsofaffi biyu, kuma kason Faisal ya fi nawa yawa da kyau. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na fasa. Na ce, “Haka ne, yana son duwatsu.” Ya ƙara mini shayi. Wannan kam nawa ne, ban ba shi ba.

Allah ya jiƙan Haruna, ya sa ya haye Siraɗi cikin aminci.